Zuciyar da Ta Gaza: Amsoshin Tambayoyinku kan Magani, Tiyata da Batiri

Wasiƙun da suka zo wa wannan fili kan ciwon zuciya suna da yawa, kuma kusan dukkansu abu ɗaya suke son sani: a tsaya kan ƙwayoyi, ko a yi tiyata, ko a sa na'ura? Amsar tana ga abin da ya lalace. Wata zuciyar ƙarfin matsa jini ne ya ragu, wata jijiyar da ke ciyar da ita ce ta toshe, wata ƙofarta ce ta ƙanƙance, wata kuma tsarin bugunta ne ya rikice. Mun zaɓi tambayoyi shida.

TAMBAYA: Assalamu alaikum Likita. Mahaifina shekararsa 63. An yi masa hoton zuciya aka ce ƙarfinta kashi 30 cikin 100 ne, aka rubuta masa magunguna biyar. Ya ce wanda ke sa shi fitsari ne kaɗai yake jin amfaninsa, ya ajiye sauran, wai ai jininsa bai hau ba. Mu ƙyale shi?

AMSA: Wa alaikumus salam. Kada ku ƙyale shi, Malam, amma kuma kada ku mayar masa da huɗun nan lokaci guda. Ku kwashe su a leda ku kai wa likitansa, ku faɗa masa ranar da Baba ya daina sha, domin wasunsu sai an sake farawa daga ƙaramin awo.

Wannan kashi 30 ba yana nufin sauran kashi 70 na zuciyar ya mutu ba. Ɗakin zuciya na hagu na ƙasa, wanda ke tura jini zuwa jiki, yakan cika sannan ya matse. Lafiyayyar zuciya tana fitar da kashi 50 zuwa 70 na jinin da ke cikinsa a kowane bugu. Ta Baba tana fitar da 30. Duk wadda ta sauka zuwa 40 ko ƙasa, ita ce ake kira mai raunin matsawa, kuma ita ce aka fi samun maganinta.

Maganin fitsarin, wanda galibi furosemide ne, yana janye ruwan da ya taru a huhu da ƙafafu. Cikin awanni mutum zai ji numfashinsa ya sake, shi ya sa Baba yake yabonsa. Sai dai ruwan alama ce, cutar tana nan. Idan zuciya ta yi rauni, jiki yakan ɗauka jini ya zuba, sai ya saki sinadaran da ke ƙara saurin bugu, su matse jijiyoyi, su sa ƙoda ta riƙe gishiri da ruwa. Kamar jakin da ya gaji ne a ƙara masa kaya kuma a bi shi da bulala. Magunguna huɗun da ya ajiye su ne ke rage kayan su ƙwace bulalar, kuma su ne bincike ya tabbatar suna tsawaita rai. Suna sauke hawan jini, gaskiya ne, amma ba don haka aka ba shi ba.

Na farko dangin enalapril, lisinopril da ramipril ne. Kusan mutum ɗaya cikin goma yakan samu busasshen tari da su, sai a canza masa zuwa losartan ko valsartan. Akwai wanda ya fi su, haɗin sacubitril da valsartan, wanda binciken da aka wallafa a 2014 ya nuna ya rage mutuwa ta dalilin zuciya da kashi 20 cikin 100 idan aka gwada shi da enalapril. Wanda zai koma kan wannan haɗin daga enalapril ko 'yan'uwansa dole ya bar awa 36 a tsakani, in ba haka ba leɓe da harshe da maƙogwaro suna iya kumbura har numfashi ya toshe. Mai ciki ba ta shan ko ɗaya daga wannan rukuni.

Na biyu bisoprolol ko carvedilol, masu rage saurin bugu. A nan aka fi yin kuskure. Ba a fara su ga wanda ruwa ya cika wa huhu, sai an janye ruwan. Ana farawa da bisoprolol miligiram 1.25 a rana, a riƙa ninkawa duk bayan mako biyu har zuwa 10, ko carvedilol 3.125 sau biyu a rana har zuwa 25 sau biyu. A makonnin farko mutum yana iya jin kasala ta ƙaru, sai ya ce maganin bai karɓe shi ba. Ya yi haƙuri, sannu ba ta hana zuwa: amfanin yana bayyana bayan wata biyu zuwa uku, kuma wannan rukuni yana rage mutuwa da kusan kashi ɗaya cikin uku. Idan bugu ya sauka ƙasa da 50 a minti, ko ana jiri da suma, a koma wa likita. Yanke shi farat ɗaya yana da haɗari.

Na uku spironolactone, miligiram 12.5 zuwa 25 da farko. Yana tara sinadarin fotashiyam a jini, don haka ana gwada jini bayan mako ɗaya zuwa biyu da farawa, a duba fotashiyam da aikin ƙoda. Idan fotashiyam ya haura 5.5 ana rage maganin, domin yawansa yana tsayar da zuciya ba tare da wani gargaɗi ba. Wasu maza nononsu yakan kumbura ya yi ciwo, sai a ba su eplerenone.

Na huɗu dapagliflozin ko empagliflozin, miligiram 10 sau ɗaya a rana. Asalinsu maganin ciwon sukari ne, amma tun 2019 aka tabbatar suna taimakon zuciya ko mutum ba shi da sukari. Suna fitar da sukari ta fitsari, don haka a kula da tsaftar gaba saboda ƙaiƙayi. Ana dakatar da su idan ana amai da gudawa, ko kwana uku kafin tiyata.

Aikinku a gida shi ne sikeli. Baba ya hau kowace safiya bayan ya yi fitsari, kafin ya ci komai, a rubuta. Ƙarin kilo 2 cikin kwana 3 ruwa ne, ba ƙiba ba. Ku danna yatsa a ƙwaurinsa sama da idon sawu: idan gurbin ya tsaya bai cike ba, ko ya fara ƙara matashin kai da dare don ya iya numfashi, ku kira likita tun kafin abin ya kai ga kwanciya a asibiti. Gishiri kada ya wuce giram 5 a rana, kimanin ƙaramin cokali ɗaya, haɗe da wanda ke cikin abincin gwangwani da sinadaran ɗanɗano.

TAMBAYA: Likita, mahaifiyata tana shan magungunanta na zuciya yadda aka ce, amma tun da ta fara shan diclofenac don ciwon gwiwa ƙafafunta suka sake kumbura. Akwai alaƙa?

AMSA: Akwai, Malama. Diclofenac, ibuprofen, piroxicam da danginsu suna sa ƙoda ta riƙe gishiri da ruwa, suna dakushe furosemide, kuma idan suka haɗu da enalapril da maganin fitsari suna iya illata ƙodar. Hajiya ta daina, ta koma paracetamol, a gwada mata ƙoda da fotashiyam a wannan makon.

TAMBAYA: Likita barka da aiki. Mijina yana da ciwon sukari, an duba jijiyoyin zuciyarsa aka ce guda uku sun toshe, sai an buɗe ƙirji. Mun ji akwai wanda ake yi ta hannu ba yanka. Me ya sa ba za a yi masa shi ba?

AMSA: Barka kadai, Malama. Wanda kuka ji labari shi ne sa raga. Ana kashe zafi a wuyan hannu, a zura siririn bututu mai kaurin kusan milimita 2 ta jijiya har bakin jijiyoyin zuciya, a tura ruwan kala a ga inda ya toshe a hoto. Sai a ratsa wurin da waya mai kama da gashi, a hura ɗan balan-balan, a bar ƙaramar ragar ƙarfe mai faɗin milimita 2.5 zuwa 4 ta tokare jijiyar. Andreas Grüntzig ne ya fara buɗe jijiyar zuciya da balan-balan a birnin Zurik a 1977. Mutum yana farke ake yi, washegari ya koma gida.

Idan bugun zuciya ne na gaggawa, wato jijiya ta toshe gaba ɗaya, ga ciwon ƙirji mai danna kamar an ɗora dutse, ga gumi, to raga ce kan gaba, kuma da zafi-zafi ake bugun ƙarfe: ana son a buɗe cikin minti 120 da gano matsalar. In hakan ba zai samu ba, a yi allurar narkar da gudan jini. Amma ragar wurin da aka sa ta kaɗai take gyarawa. Ciwon sukari kuwa yakan lalata jijiya tun daga tushe har ƙarshe, toshewa nan toshewa can. Tiyata tana tsallake dukan ɓangaren da ya lalace: a ɗauko jijiyar da ke bayan ƙashin ƙirji ta hagu a ɗinka ta a gaban toshewar, a ƙara da jijiyar ƙafa ko ta hannu a sauran. Ta ƙirjin nan fiye da kashi 90 cikin 100 tana nan a buɗe bayan shekara 10, ta ƙafa kuwa kusan rabi sukan toshe a wannan tsawon. Binciken FREEDOM na 2012 ya nuna masu sukari da ke da toshewa a jijiyoyi da yawa sun fi rayuwa da tiyata. A ganinmu shawarar da aka ba ku tana kan hanya.

Ku shirya wa kwana 5 zuwa 7 a asibiti. Ana ɗaure ƙashin ƙirjin da waya, yana haɗewa cikin mako 6 zuwa 8, kuma a lokacin kada ya ɗaga abin da ya wuce kilo 5. Idan zai yi tari ya rungume matashi a ƙirji. Abin da ya fi damun masu sukari shi ne ciwon ya ƙi warkewa, don haka a daidaita sukarin tun kafin ranar, a bar taba kwata-kwata. Ruwa ko mugunya daga ɗinkin, ko jin ƙashin yana motsi, ba abin jira ba ne.

Ga masu karatun da aka riga aka sa wa raga: aspirin da clopidogrel da aka haɗa muku na wata 6 zuwa 12 su ne ke hana jini daskarewa a kan ƙarfen kafin tsoka ta rufe shi. Wanda ya daina da kansa, ko don zai cire haƙori, ragar tana iya toshewa cikin kwanaki.

TAMBAYA: Likita, ni budurwa ce 'yar shekara 24, ina shirin aure. An ce ƙofar zuciyata ta hagu ta ƙanƙance saboda ciwon maƙogwaro da na yi ina ƙarama. Ana maganar canza ta. Ta ƙarfe ko ta nama? Zan iya haihuwa?

AMSA: 'Yar'uwa, kin yi dabara da kika tambaya yanzu, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Ciki yana ƙara yawan jinin mace da kashi 40 zuwa 50 cikin 100, kuma duk wannan jini ta ƙofar nan zai bi. Faɗinta a lafiya murabba'in santimita 4 zuwa 6 ne. Idan ya sauka zuwa 1.5 ko ƙasa, jini yakan koma baya ya cika huhu, galibi daga tsakiyar ciki. Gyara kafin ciki ya fi sauƙi nesa ba kusa ba.

Kafin a je ga canji, ki tambaya ko ƙofarki za ta buɗu da balan-balan. Ana shiga ta jijiyar cinya, a huda bangon da ke tsakanin ɗakunan sama, a hura balan-balan a raba leɓɓan da suka manne. Sharaɗinsa uku: kada ƙofar ta yi tauri sosai, kada ta kasance tana yoyo da yawa, kada a samu gudan jini a ɗakin sama. Idan kin cika su, kin tsira da ƙofarki ta asali shekaru masu yawa.

In canji ya zama dole, kowane allazi da nasa amanu. Ta ƙarfe ba ta tsufa, amma sai an sha warfarin, maganin tsinka jini, har ƙarshen rai, ana gwada tsinkewar jini, wato INR, a riƙe shi tsakanin 2.5 da 3.5 ga wannan ƙofa. Ya yi ƙasa, jini ya daskare a kan ƙarfen ko ya jawo shanyewar ɓarin jiki. Ya yi sama, jini ya riƙa zuba. Sababbin magungunan tsinka jini irin su rivaroxaban da dabigatran ba sa maye gurbinsa a nan. Warfarin kuma yana iya nakasa ɗan tayi, musamman daga mako na 6 zuwa na 12, sai a koma allurar heparin da awo mai tsanani. Ta nama, wadda ake yi daga dabba, galibi ba ta buƙatar warfarin na dindindin, amma takan lalace cikin shekara 10 zuwa 15, ga matasa ma kafin haka, wato ki san za a sake tiyata. Mata da yawa masu son haihuwa ita suke zaɓa, kuma muna ganin suna da hujja. Ko wacce kika zaɓa, allurar benzathine penicillin duk mako 3 zuwa 4 tana nan, don kada ciwon ya dawo ya ci wata ƙofar.

TAMBAYA: Likita, an ce za a sa wa yayana batiri a zuciya. Hankalinmu ya tashi. Yaya ake sa shi, kuma idan ya ƙare fa?

AMSA: Ku kwantar da hankali, Malam. Ba a buɗe ƙirji, kuma na'urar ba a cikin zuciya take ba. Ana yanka santimita 4 zuwa 5 a ƙasan ƙashin da ya tashi daga wuya zuwa kafaɗa, a yi mata ɗan aljihu a ƙarƙashin fata, a zura wayoyi ta jijiya zuwa cikin zuciya. Awa ɗaya zuwa biyu, da allurar kashe zafi. Tun 1958 aka fara dasa ta a ƙasar Suwidin, kuma mutumin farko, Arne Larsson, ya rayu har 2001.

Sai dai abu uku ne mutane ke kira batiri, ku tambaya wanne ne. Na farko na wanda bugunsa ya yi jinkiri ne har yana suma. Na biyu, ICD, mai gadi ne: yana sauraron zuciya, idan ta shiga mugun bugun da ke kashewa nan take sai ya ba ta wuta ta dawo daidai. Ana sa shi ga wanda ƙarfin zuciyarsa ya tsaya a kashi 35 ko ƙasa bayan aƙalla wata 3 yana shan cikakken magani. Wata ukun nan suna da muhimmanci, domin zuciyoyi da yawa sukan farfaɗo da ƙwayoyi kaɗai har a fasa. ICD ba ya ƙara ƙarfi, ba ya rage haki. Na uku, CRT, shi ne ke ƙara ƙarfi, amma ga wanda ɓangarorin zuciyarsa ba sa matsawa tare. Ana gane haka a takardar ECG, wato gwajin da ke zana bugun zuciya, musamman idan saƙon bugun ya ɗauki milisakan 150 ko fiye kafin ya ratsa ɗakunan ƙasa saboda toshewar hanyarsa ta hagu. Yana da waya ta uku da ake bi da ita ta jijiyar bayan zuciya. Kusan mutum ɗaya cikin uku ba ya ganin canji, kuma idan wayar ta taɓa jijiyar numfashi sai a riƙa jin zillo a gefen ciki kamar shaƙuwa. Wannan galibi da kwamfuta ake gyara shi, ba sai an sake yanka ba.

Batirin ba ya mutuwa kwatsam. Yakan yi shekara 6 zuwa 12 gwargwadon irinsa da yawan aikinsa, ana auna shi duk wata 6 zuwa 12, kuma yana nuna alama watanni kafin ya ƙare. Sai a canza akwatin a bar wayoyin. A mako 4 zuwa 6 na farko kada yayanka ya ɗaga hannun wannan gefe sama da kafaɗa, don kada waya ta goce. Wayar salula ta yi nisan santimita 15 da na'urar, kada ya sa ta a aljihun gaban riga na wannan gefe. Ya nisanci walda da babban maganaɗisu, ya nuna katinsa kafin hoton MRI. Idan wurin ya yi ja, ya kumbura, ko zazzaɓi ya zo, kada kowa ya tsotse shi da allura, kuma ƙwayoyi kaɗai ba sa warkar da shi: ƙwayar cuta in ta kama na'urar, sai an cire ta duka da wayoyinta. Mai ICD da ya ji wuta sau ɗaya kuma yana lafiya, ya kira asibiti a ranar. Sau biyu ko fiye, gaggawa ce.

TAMBAYA: Likita, idan duk waɗannan sun gaza, dashen zuciya gaskiya ne?

AMSA: Gaskiya ne, Malam. Christiaan Barnard ya yi na farko ranar 3 ga Disamba 1967 a asibitin Groote Schuur da ke Afirka ta Kudu, majinyacin ya rayu kwana 18. Abin ya kankama ne a farkon shekarun 1980 da aka samu ciclosporin mai hana jiki ƙin baƙuwar zuciya. Yau kusan kashi 85 zuwa 90 cikin 100 suna wuce shekarar farko, rabi kuma suna haura shekara 12. Zuciyar daga wanda ƙwaƙwalwarsa ta mutu ake samunta galibi, kuma ana son a dasa ta cikin awa 4. Bayan nan sai shan tacrolimus da mycophenolate har abada, waɗanda ke raunana garkuwar jiki. Masu jira sun fi zuciyoyin da ake samu yawa ƙwarai.

Akwai kuma famfon LVAD, da ake maƙalawa a ƙasan ɗakin hagu ya riƙa tura jini zuwa babbar jijiya. Wayarsa ta fatar ciki take fitowa zuwa batiran da mutum ke ratayawa, don haka yana buƙatar wuta marar yankewa, da warfarin, da wanke mafitar wayar a kai a kai, domin nan cuta ta fi shiga. Yana buƙatar ɓangaren dama na zuciya ya kasance da sauran ƙarfi.

Dukansu biyu suna son a kai mutum tun ƙoda da hanta ba su lalace ba. Idan an kwantar da majinyaci sau biyu cikin shekara ɗaya, ko jininsa ya faɗi har an fara janye magunguna huɗun nan, ko furosemide da yake buƙata sai ƙaruwa yake yi, lokacin neman a tura shi ga ƙwararrun gazawar zuciya ya yi.